Goro a Teburin Ɗanɗano

Duk saurayin da aka kawo mini koyon aiki, abin da yake fara tambaya shi ne wai da gaske albashi ake biyana don in zauna ina shan lemo. Nakan ce masa da gaske ne. Sai in ɗebo masa rabin kofi daga tukunyar da ba a gama haɗawa ba, in ce bismillah. Kafin ya haɗiye za ka ga fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, idanu sun kawo ruwa, yana waige-waigen inda zai tofar. Daga nan muke fara magana, don a lokacin ne kunnensa yake buɗewa.

Sunana Tanko, mutumin Kano, a gidan 'yan goro na tashi. Aikina a nan Guangzhou shi ne ɗanɗanon malti, wannan baƙin lemon sha'ir da ba ya bugarwa, wanda ake durawa a kwalba ana kaiwa ƙasashenmu. Ba don shi na zo ba. Kayan sawa na zo saro a kasuwar Shahe kamar kowa, kasuwar ta ƙi ni, na koma raka baƙi cikin gari ina yi musu tafinta da guntun Sinancin da na tsinta a bakin kanti. Wata rana na raka wani ɗan kasuwa wata ƙaramar masana'anta a hanyar Nansha. Mai wurin dattijo ne siriri, Shifu Lam, shifu kuwa shi ne abin da suke kiran ubangidan sana'a. Ya zuba mana samfur. Baƙona ya shanye ya ce madalla. Ni na kurɓa na ce akwai ɗan ƙauri can ƙasa-ƙasa, kamar kunun da ya kama gindin tukunya. Shifu ya kalle ni, ya tashi ya leƙa tukunyar, ya dawo yana dariya har da dukan cinya. Kafin mu fita ya ce in dawo gobe ni kaɗai.

Aikin farko da ya ba ni ba shi da alaƙa da sha. Buhu ya buɗe mini mai ƙyalli, ya fito da shi daga ɗakin sanyi, cikinsa wasu 'yan ƙwayoyi kore shar masu kama da kashin awaki. Ya ce in murza a tafin hannu in shinshina. Na murza, hannuna ya yi danƙo, wani ƙamshi ya taso kamar an ɓare lemon tsami a cikin ɗanyar ciyawa. Wannan shi ne hof, furen wani tsiro mai yaɗo da ake shukawa a ƙasashen sanyi, a busar a cura. Shi ke ba malti ɗacinsa da ƙamshinsa. Haka na yi ta murzawa ina shinshinawa har hancina ya san na kirki da wanda ya tsufa. Wanda ya tsufa warin safar ɗan ƙwallo yake yi, kuma in ka kuskura ka zuba shi a tukunya ka yi asarar tukunyar gaba ɗaya.

Ku da kuke ganin abin wasa ne, bari in faɗa muku yadda ake yi. Sha'ir ake jiƙawa ya yi tsiro, kamar yadda iyayenmu mata suke yi wa dawa in za su dama kunun zaƙi, a gasa, a ɓarza, a jiƙa a ruwan zafi har zaƙinsa ya fito, a tace. Ruwan nan ake tafasawa da hof. Wanda ka zuba da wuri ya daɗe yana tafasa, ɗaci zai ba ka. Wanda ka zuba dab da saukewa, ƙamshi zai ba ka. Mai giya daga nan zai saka yis ya bar shi ya tashi. Mu a nan muke rabuwa da shi. Yis ba ya shiga zaurenmu ko da wasa, dura muke yi a kwalba mu rufe mu dafa kwalaben a ruwan zafi, don kada wani abu mai rai ya saura a ciki. Kwalbar ma sai mai duhu, don in rana ta ratsa hof wari yake yi. Kayan aikina ba su da yawa: ludayi mai dogon hannu, 'yan kofunan gilashi masu tsukakken baki, butar ruwa, bokitin tofarwa, da harshena.

Harshen nan shi Shifu ya fi sa wa ido. Dokarsa ita ce mai ɗanɗano ba ya cin yaji da safe, ba ya shan shayi mai kauri, ba ya shafa turare. Tsakanin kofi da kofi sai ruwa da gutsuren farin burodinsu na turara, wanda ba shi da gishiri ba shi da sukari, salam kamar auduga. Duk wannan na ɗauka. Ranar da ya ga ina tauna goro ne aka yi ta. Ya sa na buɗe baki kamar likita, ya ga harshena ja, ya ɗora hannu a ka. Ya ce wannan abin shi zai kashe mini harshe, in ina son aiki goro meyo, wato babu. Ni da aka yaye ni a gindin huhun goro, ni da nake sanin daushe daga sabo tun kafin a ɓara. Na bar shi, sai ranar Juma'a bayan an sauko nake ɗan ɓara ɗaya a ƙofar masallaci in huce takaici.

Akwai ranar da Shifu ya aike ni Liwan in karɓo buhun hof wurin ɗan ƙanensa, Awai. Shi Awai ɗan ƙaramin shagon giya yake da shi a wani lungu na tsohon gari, irin giyar da samarinsu suke yayi yanzu, wadda ake labta wa hof har ta yi duhu-duhu kamar ruwan tsamiya. Ban shiga ba, a bakin ƙofa na tsaya, amma ƙamshin ya fito ya same ni. In ba ka sani ba sai ka rantse mangwaro da gwaiba ake yankawa a ciki. Ni ban taɓa kurɓa ba kuma ba zan kurɓa ba, abin da na sani game da ita daga bakin Shifu na ji, shi da ya yi ƙuruciyarsa a gidan giya kafin ya koma malti. Ya ce duk wanda ya fara shanta sai ya yatsine fuska ya ce ba zai ƙara ba. Sati na zagayowa zai dawo. Hanci ne ke jawo shi, ɗacin kuma ya wanke masa baki ya buɗe masa ciki, ya ji yana son cin abu mai maiƙo. In ya saba, giyar da ya sani a da sai ta koma masa ruwa, ya riƙa neman wadda ta fi ta jiya ɗaci. Ya ce illarta ita ce ƙamshin yana ɓoye ƙarfinta, mutum yana ganin ruwan 'ya'yan itace yake sha sai ya miƙe ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, hof ɗin kuma ya saukar masa da barci mai nauyi, gobe ya tashi da kai kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Da ya gama bayani na ce masa, Shifu, in ka cire maganar buguwa, ai labarin goro ka ba ni. Bai gane ba a lokacin, ni ma ban san na faɗi wani abin kirki ba.

Maltinmu na wancan lokaci zaƙi ne zalla, hof ɗin ɗan kaɗan ne don kada ya gundure. Haka masu saye suke so, ko in ce haka muka ɗauka. Babbar mai sayenmu ita ce Hajiya Zenabu, 'yar zangon Kumasi, mace mai jiki da murya, wadda in ta shigo masana'anta har injin ma kamar rage ƙara yake yi. Massa Tanko take ce mini. In ta zo sai ta zagaya ko'ina ta leƙa kowace tukunya, ta sa in rantse mata babu abin da ya haɗa kayanmu da na masu giya. Nakan rantse da zuciya ɗaya, don ni nake wanke tukwanen.

Sai shekarar da ba ta yi mana kyau ba ta zo. Jiragen ruwa suka yi ta jinkiri, kwantenar Hajiya ta daɗe a tashar jiragen ruwa ta Nansha, ta daɗe a teku, ta je tashar Tema ta ƙasarsu ta sake zama cikin rana. Ashe kuma kwamin da muke dafa kwalabe zafinsa ba ya kai wa na tsakiya yadda ya kamata. A da ba ya nunawa saboda kaya suna isa da wuri a shanye. Wannan karon da aka buɗe a Kumasi, wasu kwalaben sun yi tsami kamar kunun da ya kwana. Tsami ne kawai, amma je ka gaya wa mutumin zango haka. Wani ya buɗe a wurin suna ya shinshina ya ce giya ce. Kafin la'asar magana ta zagaye unguwa cewa Hajiya Zenabu giyar Sin take shayar da Musulmi. Matar da ta je Makka, ga tsohon mahaifinta a gida wanda kowa ke girmamawa. Da ta kira ni ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Ta ce kawai ta yarda da rantsuwata ne.

Sauran masu saye suka janye ɗaya bayan ɗaya. Awai kuwa ya daɗe yana roƙon baffan nasa ya ba shi zauren ya faɗaɗa giyarsa, don shagonsa ya yi masa kaɗan. Shifu ya zaunar da ni ya faɗa mini gaskiya. Za mu gyara kwamin, mu haɗa sabon samfur. In Hajiya ta karɓa, muna nan. In ta ƙi, zaure ya zama na Awai. Ya ce Awai zai so ya riƙe ni saboda hancina. Na ce Shifu, ka san ba zan iya ba. Ya ce ya sani.

Gyaran kwami aikin makanike ne, an yi an gama. Amma Shifu ya ce ba zai sake dogara da mai gadi ɗaya ba. Hof yana hana abin sha yin tsami, shi ya sa mutanen zamanin da suke labta shi a abin da zai yi doguwar tafiya a teku. Sai mu ninka shi. Muka haɗa tukunya, na ɗeba da ludayi, na wanke baki da ruwa da burodin auduga, na kurɓa. Ƙamshin ya yi kyau ƙwarai, amma ɗacin ya kama mini maƙogwaro ya ƙi saki. Muka rage, Shifu ya ce wannan ba zai tsare komai ba. Muka ƙara, na ce wannan ba mai saye. Haka muka yi ta yi, shi yana ja ina ja, har Hajiya ta sauka a gari ba mu daidaita ba. Dole muka ajiye mata mai ɗacin, don shi ne kaɗai Shifu ya yarda ya sa wa hannu.

Ta zo da hantsi, ta zauna a teburin ɗanɗano ba ta ko zagaya tukwane ba. Muka gaisa sama-sama. Na zuba mata, na zuba wa kaina don kada ta sha ita kaɗai. Ta kurɓa, ta runtse ido, ta ajiye kofin a hankali.

"Massa Tanko," ta ce, "da an ce na sayar da giya. Yanzu so kake a ce na sayar da maganin shawara?"

Shifu ba ya jin Hausa amma ya ga fuskarta, ya juya yana kallon taga. Hajiya ta buɗe jaka ta ciro goro a ƙunshin ganye don ta kawar da ɗacin bakinta, ta ɓara, ta jefa rabi a baki, ta miƙo mini rabi kamar yadda kowane mutumin kirki zai yi. Na dubi Shifu. Na ce a raina aikin da ya riga ya tafi, wace doka ta rage? Na karɓa na tauna. Farin goro ne mai kyau, na Asante, ya ji ajiya. Muka zauna muna tauna kamar masu zaman makoki. Can na ji ƙishi, butar ruwa tana nesa, na ɗauki kofina na kurɓi sauran.

Sai na ji wani abu daban. Duk mai cin goro ya san in ka tauna ka sha ruwa, ruwan zaƙi yake yi. To haka maltin nan ya yi. Ɗacin da ya shaƙe ni ɗazu ya kwanta ya yi laushi, zaƙin sha'ir ya taso daga ƙasa, ƙamshin lemon nan ya biyo baya. Ban taɓa shan abin da muka haɗa mai daɗinsa ba. Na ce Hajiya don Allah ki ƙara kurɓa. Ta ce ba ta sha. Na ce don darajar mahaifinki. Ta harare ni, ta ɗauka ta kurɓa. Ta dubi kofin. Ta sake kurɓa. Ta miƙo kofin, na cika mata.

A nan na gane abin da ya shige mana duhu ni da Shifu. Shi ya koya mini in ɗanɗana da wankakken harshe, kuma yana da gaskiya, da shi ake kama ƙauri da tsami da tsohon hof. Amma wa yake shan malti da wankakken harshe a zango ko a Kano? Direban da ya kwana a hanya da goro a kumatu, da dattijon da ke zaune a ƙofar gida, da Hajiyar da ta fito daga kasuwa, duk bakinsu ya saba da ɗaci tun suna yara, ga gauta ga shuwaka ga namijin goro. Mu muna haɗa abin sha don harshen da babu shi a cikin masu sayenmu. Na yi wa Shifu bayani da Sinancina mai ɗingishi, na tuna masa samarin shagon Awai da suke dawowa neman wadda ta fi ta jiya. Na ce mutanena sun riga samarin nan nisa, tun kakanni suke wannan makarantar.

Hajiya ba ta saki jiki nan take ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta ce za ta ɗauki kaɗan ta gwada, a cusa mata a gefen kwantenar atamfa. In ya isa lafiya kuma mutane sun sha, za mu ji daga gare ta. Shifu ya ce wa Awai ya dakata. Muka raka kayan har Nansha, na ga an rufe ƙofar kwantena an buga hatimi. Daga nan sai jira. Na kira ta sau ɗaya ta ce kaya ba su iso ba. Na sake kira ta ce tana wurin biki. Awai kuwa har ya fara zuwa da tef yana auna bangon zaure, yana gaishe ni da fara'a. Yaron kirki ne, ban riƙe shi da komai ba, amma duk ranar da na ga tef ɗin nan abinci ba ya shiga.

Ranar da ta dawo ba ta sanar ba. Muryarta muka jiyo daga ƙofa tana yi wa mai gadi nihaw, gaisuwarsu ta Sinanci. Ta shigo ta zagaya tukwane ɗaya bayan ɗaya kamar da, na ce a raina wannan alama ce, amma ban yarda da raina ba. Ta zauna. Ta tambayi iyalina, ta tambayi ciwon gwiwar Shifu, ta ba mu labarin wahalar jirgi da tsadar otal, ta sha shayi har kofi biyu. Ni ina zaune ina jiran magana. Da ta ga na kusa mutuwa sai ta yi dariya ta fara.

Ta ce ko kwalba ɗaya ba ta yi tsami ba. Kwalbar farko ta kai wa limamin unguwa da kanta, tare da goro, ta tsaya har ya shanye a gaban jama'a. Direbobin tashar Tamale suka kama shi, wai yana wanke musu baki bayan sun ci maiƙo. Iyaye maza suna yabawa saboda shi ne lemon farko da za ka ajiye a firiji ka dawo ka tarar yara ba su taɓa ba. Sannan ta sassauta murya ta ce mahaifinta, wanda ya yi rayuwarsa yana fataucin goro, haƙoransa sun zube har goron da ake goga masa a magogi ma ya daina jin daɗinsa, abinci ya fita ransa. Yanzu kullum bayan la'asar sai ya sa an buɗe masa kwalba ɗaya. Yana sha zai nemi tuwo, ya ci, ya yi barcinsa har asuba. Ya ce a gaya wa wanda ya haɗa Allah ya yi masa albarka, ya dawo masa da ɗanɗanon da ya yi zaton sun rabu. Na yi farin ciki irin wanda ban yi ba tun da na zo ƙasar nan, sai da na tashi na je na wanke kofin da ba ya buƙatar wanki.

Da na dawo ta ce amma akwai ƙorafi ɗaya, kuma daga manya ya fito. Ta sunkuya ta jawo wani ɗan huhu daga jakarta, ta ɗora a tsakiyar teburin ɗanɗano, daidai inda Shifu ya taɓa sa ni buɗe baki.

"Sun ce ka ƙara ɗacin," ta ce.

Na fassara wa Shifu. Ya daɗe yana kallon huhun. Tun daga ranar ɗanɗano biyu ake yi a zaurenmu, na safe da wankakken harshe don kama aibu, na hantsi da goro a baki don jin abin da mai saye zai ji, kuma duk wanda zai koyi aiki a hannuna sai ya iya duka biyun. Awai ya samu wani wuri can gaba da Liwan, har yau muna gaisawa.

Amma a ranar, Shifu ne ya jawo huhun gabansa. Ya kwance ganyen da kansa, ya zaɓi fari guda, ya juya shi yana neman ta inda ake buɗewa, sai da Hajiya ta karɓa ta ɓara masa. Ya gatsa. Fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, idanunsa suka kawo ruwa, ya fara waige-waigen bokiti. Na tura masa kofin malti. Ya kurɓa, ya sake kurɓa. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya rabin.